Shekarar Giwa da Goran Iri

Ku da kuka taso a gidanmu na Maska kun sha jin ana cewa "shekarar giwa", kuma kowannenku ya san abin da ake nufi. Ita ce shekarar da rumbunmu bai kai rabi ba, aka sayar da awakin Inna, Yaya Nomau ya tafi cin rani ya bar 'yarsa Lantana tana jaririya. Abin da aka gaya muku shi ne kakanku ya bar gida a bakin damina ya tafi kallon namun daji, ya manta bai bar izinin shuka ba. Haka aka faɗa, haka kuka riƙe, ni kuwa ina zaune ina ji shekara da shekaru ban ce uffan ba. To, yanzu gwiwa ta ƙi, idona ma ya fara yi mini irin abin da na Baba ya yi masa, ba zan tafi da maganar nan a ciki ba. Ku karanta har ƙarshe, musamman ke Lantana, kuma kada wani ya ce tsoho ya fara ruɗewa, da hankalina nake rubutu.

Babanmu Jatau shi ne Sarkin Bakan yankinmu, wato shugaban maharba. Bamaguje ne, bai kama salla ba sai can a ƙarshen rayuwarsa. A ɗakinsa akwai wutsiyar giwa a rataye, baƙa ƙirin, gashinta kamar waya. Ubansa ne ya kashe giwar, amma da yake duk bikin maharba da ita Baba ke fita rawa, makaɗa na zuga shi, sannu a hankali mutane suka haɗe labarin uba da na ɗa, har yara suka riƙa nuna shi suna cewa ga mai kashe giwa. Shi kuwa bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. Ni ne autansa. A lokacin, 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, ina aikin malamin gona, ina zaga ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi a kan keke, ina koya wa mutanen da suka haife ni yadda ake shuka auduga a layi da igiya. Ina da gajeren wandon kaki, ina da alƙalami a aljihu, ina kuma da girman kai da ya fi kekena nauyi.

Bayan an gama girbi a waccan shekara na lura Baba yana miƙa hannu ya ɗauki ƙwarya sai ya kama iska. Wata rana da hantsi ya kira ni ƙarƙashin ɗorawar da ke bayan gida, ya sa na zauna kusa da shi sosai, ya daɗe yana duban fuskata kamar mai neman wani abu da ya ɓace a cikinta.

"Auta, an ce ku 'yan boko kuna da takardar da ke nuna duniya duka. A cikinta akwai inda giwa ta rage?"

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, kai da ka san giwa ciki da waje, ni za ka tambaya?"

"Rufe mini baki," in ji shi. "Ban taɓa ganin giwa ba."

Wallahi na zaci wasa yake yi. Sai ya gaya mini cewa kafin ya yi wayo giwaye sun bar dajinmu. Abin da ya gani kawai shi ne sawu guda da ya bushe a cikin laka a bakin fadama, ubansa ya ɗaga shi yana ɗan mitsitsi ya zaunar da shi a ciki, sawun ya ɗauke shi duka. Shi ke nan giwar da ya sani. Ya ce yanar ido ta fara rufe masa gani, bana yana ganin mutum, baɗi inuwar mutum kawai zai gani, in an ƙara shekara kuma sai dai murya.

"Tun ina saurayi nake rawa da wutsiyar abin da ban san fuskarsa ba. In akwai inda ta rage, ka kai ni yanzu. Baɗi ba ni da idon zuwa."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa wani abu ba sai ran nan. Tausayi ya kama ni, amma in faɗi gaskiya, daɗi ma ya kama ni, don ga ranar da karatuna zai yi abin da kwari da baka suka kasa. Na aro taswira a wurin hedimasta, na shimfiɗa ta a zaure na danne kusurwoyinta da duwatsu. Ina da aboki Garba, tare muka yi makaranta, ya samu aiki a gandun dajin Yankari da ke ƙasar Bauchi, inda hukuma ta keɓe daji ta hana farauta don namun su yaɗu. Na rubuta masa wasiƙa. Amsarsa ta yi makonni kafin ta iso, ta kuma zo da sharuɗɗa. Ya ce kada mu zo da damina, ciyawa na rufe komai, hanyoyi ma ba sa biyuwa. Ya ce mu bari sai bazara ta yi nisa, tafkuna sun ƙafe, kowane naman daji ya sauko kogin Gaji shan ruwa. Ya ce kuma ba a shiga da baka, ba a shiga da bindiga, ba a shiga da kare. Da na karanta wa Baba wannan na ƙarshe sai ya yi tsaki.

"Daji ba baka? To, da me za a gaishe shi?"

"Da ido, Baba."

"Ka ji ɗan banza. Idon da babu?" Amma ya yi murmushi, ya ce maganar abokina ta farko gaskiya ce, giwa ba ta iya nesa da ruwa in zafi ya tsananta, duk wanda ya gaya wa yaron nan haka ya san daji.

Na sayi sabon littafin rubutu na ja layuka, kowace rana da shafinta. Daga Maska mota zuwa Funtua, daga Funtua jirgin ƙasa zuwa Zariya da Kaduna, daga nan Kafanchan, a hau dutse zuwa Jos, a gangara Bauchi a mota, sannan daji. A ofishinmu akwai wata kalanda mai hoton ruwa yana zubowa daga kan dutse, an rubuta Matsirga a ƙarƙashi, kuma na ga a taswira dab yake da Kafanchan. Sai na ce ai tunda hanya ta bi ta nan, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙoramar garinmu ba ya kamata ya ga wannan ma kafin ido ya rufe. Na ƙara kwana biyu a littafin. Kowace yamma in na dawo aiki sai Baba ya sa in karanta masa hanyar daga farko, yana maimaita sunayen garuruwa a hankali, yana tambaya ko akwai kogi tsakanin wannan da wancan, ko jirgi na tsayawa mutum ya kama ruwa. Inna kuwa tana ta soya mana ƙuli-ƙuli da dakuwa tana cewa ita ba ta ga abin kallo a naman da ba za a ci ba.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Yaya Nomau, babban wanmu, wanda nauyin gandu ke wuyansa. Hutuna bai fito ba sai da aka rufe kasuwannin auduga aka gama rubuce-rubucen ofis, lokacin har an fara sharar gona. Ya tsaya a kan taswirata, ƙafarsa duk toka, ya ce tafiyar nan ta yi kusa da ruwan shuka. Na buɗe masa littafin ofis inda ake rubuta ranar da ruwa ke fara sauka kowace shekara, na ce muna da mako uku cur, mu kuwa kwana goma sha biyu za mu yi.

"Malam Auta," ya ce, kuma in ya ce mini Malam to ba girmamawa ba ce, "ruwan sama yana karanta littafinka ne?"

Ku yaran yanzu sai na bayyana muku abin da ya sa hankalinsa ya tashi. A gidanmu, tun kakanni, ba a jefa ƙwaya ɗaya a gonar gandu sai mai gida ya fara. Akwai wani ɗan gora mai igiyar fata da Baba ke cikawa da gero daga zangarniyar da ta fi kyau a girbin bara. Ranar ruwan shuka shi ke sara ramin farko da sungumi, ya zuba iri daga goran, ya rufe da diddige, sannan kowa ya bi. In mai gida ba ya nan, sai in ya miƙa goran ga wani, shi ne izini. Ba a taɓa karya wannan ba, kuma ba mai son a ce a kansa aka fara. Gardama ta yi zafi tsakanin Baba da Yaya har suka yi kwanaki ba sa haɗa ido. Yaya ya ce yawon banza ne irin na Turawa, Baba ya ce shi ba a haife shi don ya nemi izinin ɗansa ba. Yaya bai san dalilin tafiyar na gaskiya ba, don Baba ya hana ni faɗa wa kowa cewa Sarkin Baka bai taɓa ganin giwa ba.

Ranar tafiya Yaya ya saɓa fartanya ya tafi gona tun da safe don kada ya yi mana sallama. Muna zaure da kayanmu sai Baba ya zaro goran daga cikin rigarsa ya danƙa mini.

"Ruga ka kai wa yayanka. Ka ce na ce in ruwa ya sauka, ya zuba."

Na karɓa. Ina fita ƙofa sai ga motar Funtua ta tsaya a bakin hanya tana ta hon, direba na ihu wai ba ya jiran kowa, jirgi kuma ba ya jiran direba. Gona na da nisa. Na ce bari in jefa goran a jaka in ɗora kaya tukuna, in ya so in ba Inna ta ajiye masa. Aka shiga ɗora Baba a gaban mota, maƙwabta na ta sallama, wani na saƙon a sayo masa dankalin Jos, ni kuma ina ta duba littafina ko mun makara. Mota ta tashi. Baba ya tambaye ni ko na kai, ni kuwa hankalina na kan agogo, na ce e ba tare da na ji tambayar da kyau ba.

Tafiyar jirgi ba zan daɗe a kanta ba, sai dai in ce Baba ya riƙe ƙarfen taga tun daga Funtua har Zariya, yana cewa wannan abu in ya yi tuntuɓe ba mai tsira. Daga Kaduna zuwa kudu ƙasa ta fara sauyawa, itatuwa suka yi tsawo, duwatsu suka taso. A rana ta uku muka bi wata 'yar hanya daga Kafanchan da ƙafa, ina riƙe da hannunsa. Tun ba mu ga komai ba muka fara jin wani ruri, ba irin na tsawa mai zuwa ta wuce ba, wannan ba ya tsayawa. Baba ya ja ya tsaya ya ce wane irin abu ne ke numfashi haka. Da muka karya kwana sai ga shi. Kogi guda ne ya zo bakin dutse ya rasa ƙasa, ya zubo daga sama fari fat, ya faɗa wani tafki yana tafasa, feshinsa na tashi yana jiƙa mana fuska tun daga nesa. Ni da na ga hotonsa a kalanda sai da na ja na tsaya. Baba ya saki hannuna, ya cire hula, ya durƙusa ya gaida wurin kamar yadda maharba ke gaida babban daji.

"Wannan na gan shi, Auta!" Sai da ya ɗaga murya kafin na ji shi. "Fari ne, ko? Wannan kam na gan shi da kyau. Kuma haka yake yi kullum, ko da ba mai kallo?"

Na ce haka yake yi. Ya girgiza kai ya ce lalle duniya ta fi Maska. Akwai wani kogo a bayan ruwan, muka lallaɓa muka shiga, muka tsaya ruwa na zuba a gabanmu kamar an saki labule, haske na ratsowa ta cikinsa. Baba ya miƙa tafin hannu ruwan ya doke shi, ya ƙyalƙyale da dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da muka fito muka zauna shan iska sai ya damƙi ƙasa ya murza ya shinshina. Ya ce an yi ruwa a nan kwana biyu da suka wuce, kuma ruwan da ya taso daga kudu ba ya wuce mako ya iso mu.

"Littafinka ya yi ƙarya. Amma ba komai, gora na hannun Nomau."

Sai a lokacin na tuna. Na juya masa baya na zura hannu a jaka, ga goran nan kwance ƙarƙashin taswira. Na san abin da zai faru a gida kamar ina gani: ruwa zai sauka, maƙwabta za su fita da sungumi, Yaya zai tsaya a bakin gona yana kallo. Na yi tunanin buga wayar talgiram zuwa Funtua, amma takarda ba gora ba ce, Yaya ba zai zuba iri a kan maganar takardata ba. In na faɗa wa Baba, a ranar za mu juya, mu isa gida a kan lokaci, shi kuwa ya makance bai ga giwa ba. In na yi shiru, abincin mutum goma sha wani abu ne na sa a caca. Ba wanda ya tilasta ni, ni na zaɓa. Na mayar da taswira a kan goran na ɗaure bakin jaka, na ce wa Baba mu tashi kada jirgin Jos ya wuce mu.

Garba ya tarbe mu a bakin gandun daji ya sauke mu a ɗakinsa. Kusa da masaukin akwai wani marmaro da ake kira Wikki, ruwa ne mai ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Baba ya shiga har wuya ya ƙi fitowa, gwaggon birai na zaune a kan itatuwa suna kallonsa, shi ma yana yi musu magana kamar tsofaffin abokai. Washegari Garba ya samo mana wuri a motar ma'aikata mai buɗaɗɗen baya da ke zaga bakin kogin Gaji. Ni dai ban san Allah ya halicci nama da yawa haka ba. Garken ɓauna ya tsaya ya zuba mana ido, gwanki ya ɗaga ƙahoni ya wuce a hankali kamar ba ya son ƙura ta taɓa shi, dorina ta buɗe baki a cikin ruwa, kadoji na shanya a kan yashi. Ina ta nunawa ina cewa Baba ga can, Baba duba nan, shi kuwa yana juya kai inda na nuna, sai ya ce, "To, madalla." Sun yi masa nisa, ba ya ganin komai. Kwana biyu muna zagawa ba giwa, kuma kowace la'asar hadari na haɗuwa a gabas. Abinci ya ƙi shiga mini, Garba har yana tambaya ko zazzaɓi nake yi.

A rana ta uku Baba ya ce a tsayar da mota. Ya sauka, wani ma'aikacin gandun da ke riƙe da bindiga na cewa ba a sauka a nan, Baba ya ce masa, "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba nake sauka." Ya tsuguna ya lalubi wani tulin kashi ya tura yatsa a ciki, ya shafa reshen da aka karya ya ji ɗanyen ruwansa, ya ɗebi ƙura ya saki don ya ji inda iska ke kaɗawa. Mutumin da bai taɓa ganin giwa ba ya gaya wa masu kwana da giwa cewa sun bi nan da safe, za su dawo ta wannan gangaren in rana ta karkata, kuma in muka tsaya ƙarƙashin waccan tsamiya iska ba za ta kai musu warinmu ba. Ya ce haka ubansa ya koya masa, bai taɓa samun inda zai gwada ba. Direba ya dubi Garba, Garba ya ce a yi yadda tsoho ya ce. Aka kashe mota muka zauna, zafi kamar a gasa gurasa, ƙudaje na damunmu, ba mai motsi.

Ban ji zuwansu ba, kuma har yau wannan ne ya fi ba ni mamaki. Ina kallon itatuwa sai na ga wani sashe na dajin ya motsa. Babbar giwar ce a gaba, ta fito daga cikin kurmi, kunnuwanta na kaɗawa a hankali, haurenta fari, fatarta duk tsaga kamar fadamar da ta bushe. Bayanta wata, bayan wannan wata, har na daina ƙirgawa, 'yan ƙanana na tafe a tsakanin ƙafafun iyayensu. Duk girman nan ba ka jin takunsu, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa daga cikinsu wanda a ƙirjinka kake jin sa kafin kunne. Babbar ta biyo ta gabanmu, tsakaninmu da ita bai fi taku goma ba, ta tsaya, ta ɗaga hanci sama tana neman iska. Inuwarta ta rufe motar. Na juya in ce Baba ga ta, sai na ga ba ya bukatar a nuna masa. Ya miƙe tsaye, ya buɗe idanun nan masu yana iyakar buɗewa, kansa na ɗagawa sama, yana ƙara ɗagawa, hawaye na bin gemunsa.

"Rumbu," ya ce da raɗa. "Rumbu ne ke tafiya. Auta, ga idonta can. Tana kallona."

Ta daɗe tana kallonsa, ko kuwa haka na gani. Sannan ta sauke hanci ta gangara kogi, sauran suka bi ta, suka shiga sha suna watsa wa bayansu ruwa. Sai da suka haye suka ɓace aka bar mu muka sauka. Baba ya lalubi sawun babbar a cikin laka, ya sa ƙafafunsa biyu a ciki ya tsaya.

"Da na san haka take," ya ce, "da ban yi rawa da wutsiyarta ba."

A nan, yana tsaye cikin sawun, na kasa riƙewa. Na ciro goran na sa masa a hannu na gaya masa komai, ina jiran mari. Ya jijjiga goran kusa da kunnensa, geron ya yi ƙara.

"Tun daga Kafanchan nake jin wannan ƙarar a jakarka duk sanda mota ta faɗa rami. Ka manta maharbi ne ubanka?"

"To Baba, me ya hana ka magana?"

"Da na tambaye ka, da dole mu juya." Ya cusa goran a cikin rigarsa. "Kai ka yi shiru, ni ma na yi shiru. Mu je gida mu ga abin da muka saya."

Tun daga Zariya muka fara ganin abin da muka saya. Gonaki sun yi tsiri kore shar a ɓangarorin hanya biyu. Da muka iso Maska gonar kowa ta fito, tamu kaɗai ce ja fayau, an share ta tas, ba ko ƙwaya a ciki. Ruwan shuka ya sauka kwana tara kafin mu dawo. Maƙwabta sun yi ta ba Yaya baki ya shuka, ya ce ba a kansa za a fara ba. Muka same shi a bakin gonar, ya rame, bai ce mana sannu da zuwa ba. Na buɗe baki zan yi magana sai Baba ya take mini ƙafa, ya zaro goran daga rigarsa ya ɗaga.

"Ni na manta, Nomau. Na tafi da shi a aljihu. Tsufa ne."

Yaya ya dubi goran, ya dubi Baba, ya ce, "Giwar ta ƙoshi?" Ya juya ya tafi.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri, muka shuka a makare, damina kuma ta ɗauke da wuri, geron bai cika ido ba. Sauran kun san shi. Albashina na malamin gona bai iya ciyar da gidan duka ba. A hanyarmu ta komawa gida ran nan Baba ya ce mini kada in kuskura in faɗa yana raye, don shi mai tafiya ne, ni da Yaya kuwa mu za mu zauna a gida ɗaya bayansa. Kafin damina ta zagayo ya makance sarai. Ya sa aka sauke wutsiyar nan aka binne a gindin ɗorawa, bai sake fita rawa ba. Amma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ruwan da ke zuba ko ba mai kallo, da rumbun da ke tafiya ba ƙara, yana faɗa fuskarsa na haske. Ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba, ni ma ba zan yi muku ƙarya in ce na yi nadamar kai shi ba.

Abin da nake nadama daban ne. Baba ya ce in yi shiru yana raye, bai ce in yi shiru bayan ya mutu ba. Yaya Nomau ya yi shekara ashirin da wani abu bayansa, muna ci a akushi ɗaya, kuma duk sanda aka ambaci Baba sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ya zaɓi naman daji a kan 'ya'yansa." Sau nawa na buɗe baki na rufe! Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Ya rasu yana zaton ubansa ya fita ran nan bai tuna da shi ba, alhali shi ne abu na ƙarshe da Baba ya tuna kafin ya taka mota.

Goran yana cikin akwatina, igiyar ta tsinke na sa wata. Na ce a kai miki shi tare da wannan takarda, Lantana, don na ubanki ne, aike ne aka ba ni ban isar ba. In kin je Maska ki tsaya a inda yake kwance ki gaya masa. Baba ya ce in ruwa ya sauka, ya zuba.